Kalmar da Ta Tashe Ni Daga Barking

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci a Barking, unguwarmu ta London, sai Dokta Sani ya ce, "Iliyasu, yaya Sifen?" In ce lafiya. Alhaji Baba ya ce, "Lafiya kawai? Mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, yau an gan shi a jirgin ƙasa na District line yana dariya shi kaɗai, ka ce mana lafiya?" To ga shi na rubuta. Ni ban yi boko ba, da girmana na koyi haɗa baƙi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Wanda ya sake tambayata kuma shi zai sayi shayin.

Sai na fara da abin da ban taɓa gaya muku ba. Kun san fasfon Sifen gare ni, ba ku san yadda na same shi ba. Daga Maigatari na fito, na bi Agadas, na bi hamada, na zauna Maroko, na shiga teku. Na fita daga ruwa a kudancin Sifen ba takalmi. Yankin Almeriya ne, inda ake noman tumatir a ƙarƙashin rumfunan leda. Wata mata da mijinta Paco suka ɗauke ni aiki. Iya nake ce mata. Shekara goma sha biyu na yi a gidanta. Ta ba ni ɗaki. Ta ware mini tukunya don kada naman alade ya taɓa abincina, ta ɗaura jan zare a hannun tukunyar. Ita ta riƙa bi na ofis-ofis har takarduna suka fito. Da Paco ya rasu ta ba ni kwat ɗinsa saboda sanyi.

Makon da fasfona ya fito na gudu. Tumatir ya nuna ba a tsinka ba. Ban yi sallama ba. Ta ƙofar baya na fita, da kwat ɗin a jikina.

Dalili biyu ne. Matan ƙauyen suna zama a benci da yamma suna abin da suke kira "criticar". A littafi wataƙila suka ne ko kushe, amma a bencin nan gulma ce tsagwaronta. Suna cewa baƙin nan gonar matar marigayi yake hari. Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa kaina. Na biyun, na gaji da tumatir, ana ta cewa akwai aiki a London, kuma na san in na tsaya gabanta ta ce kada ka tafi, ba zan iya tafiya ba. Na biyun ya fi nauyi. Butulci ne, ba shi da wani suna.

Shekara goma sha ɗaya ban kira ta ba. Shekarar farko kunya ce ta hana ni. Sauran goman kuma kunyar shekarar farko.

Wata Asabar saƙon murya ya shigo wayata daga lambar Sifen. Antonio ne, ɗanta. Ya samo lambata wurin wani ɗan Mali da muka yi aiki tare. Ya ce za a yi wa Iya aikin zuciya ranar Juma'a, kuma likita ya ce a shekarunta babu tabbas za ta farka. Sai ya miƙa mata wayar. Muryarta ta yi siriri. Elías take kirana. Ta ce, "Elías. Ven, que te tengo que reñir." Na gane farkon: ka zo, akwai abin da dole in yi. Kalmar ƙarshen ce ban sani ba.

Sifaniyancina na gona ne. Yanka, ɗauko, ba ruwa, yi sauri, sai zagi iri-iri. Shi ma ya yi tsatsa. Na kira Wilson, ɗan Kolombiya da muke aiki tare a motar sharar council, wato ƙaramar hukuma. Ban kunna masa saƙon ba, kalmar kawai na faɗa masa.

Ya ce, "Reñir? Hermano, ɗan'uwa, rigima ce. A garinmu in ka ji an ce riña, to wuƙa ta fito, 'yan sanda suna hanya. Me ka yi wa mutanen nan?"

Na ce ba komai, na kashe waya.

Matata Ramatu 'yar zangon Kumasi ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta san labarin tun kafin aurenmu. Ta ce, "Baban Ummi, tsofuwan nan ya ba ka abinci shekara goma sha biyu. In zai zage ka, je ka ya zage ka. Ba za ka mutu ba. Shi ne zai iya mutuwa." Ta shiga kicin ta fara dambun nama na tsaraba. Ni kuma na ciro kwat ɗin Paco daga ƙasan akwati na goge shi.

Na yi booking na jirgin Litinin. Na isa filin jirgi da sanyin safiya, na tarar an yi cancel, wai yajin aiki a wata ƙasa. Yarinyar da ke kan tebur ta ce kujera sai Asabar. Na ce Asabar ba ta da amfani ga mai aikin zuciya ranar Juma'a. Ta ce sorry. Mutanen nan in suka ce maka sorry an gama magana. Na koma gida, na sayi tikitin bas daga tashar Victoria: London zuwa Paris, Paris zuwa Madrid, Madrid zuwa Almeriya. In ba a samu matsala ba zan isa Alhamis da rana, kafin a kwantar da ita asibiti da yamma.

Talata da safe muka tashi. Muna gab da Dover, bakin tekun da ake tsallakawa, direba ya yi sanarwa: ba a shiga Faransa da nama ko madara daga nan, mai shi ya zuba a kwandon shara kafin bincike. Na dubi robar dambun Ramatu a kan cinyata. Wuni guda ta yi a kanta. Ni da nake kwasar shara kullum na san abin da ya dace da kwando, wannan bai dace ba. Na miƙe na buɗe roba na bi kujera-kujera. Wasu suka kau da kai kamar na miƙa musu maciji. Wasu 'yan Romaniya biyu suka ci, suka nemi ƙari. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko akwai nama a ciki. Na ce 'yata, babu komai a ciki sai nama. Wani tsoho mai hula faifai ya ɗiba da yawa ya watsa a baki, yaji ya kama shi, ya ce, "¡Madre mía, cómo pica!" Na ce masa da harshensa, sha ruwa, Baba. Ya zaro ido. Ya kwashe jakarsa ya dawo kusa da ni.

Sunansa Manolo, daga arewacin Sifen. Shekara arba'in yana raba abinci a otal-otal na London. Yana tsoron jirgin sama, za shi ganin ƙanwarsa. Kafin mu isa wurin bincike robar ta zama wayam. Tsarabar Iya ta ƙare a cikin 'yan Romaniya.

A kan iyaka ɗan sandan Faransa ya dubi fasfona, ya dube ni, ya sake duban fasfon, ya miƙo mini. Shi ke nan. Na taɓa tsallaka iyaka a ƙarƙashin tamfol, da buhun dabino a kan ƙirjina. Wannan karon da kujera mai lamba. Na koma na zauna.

Abin da ban sani ba, motar ba ta ramin ƙarƙashin teku za ta bi ba. Cikin jirgin ruwa ta shige da mu. Tun ranar da na fita daga ruwan nan ba takalmi ban sake hawa teku ba. Mun shiga da yawa a ranar, mun fita kaɗan. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Na nemi kujera a tsakiyar jirgin inda ba taga, na riƙe hannun kujerar. Manolo ya dubi hannuna bai tambaye ni ba. Ya je ya kawo shayi biyu, irin na Turawa mai kama da ruwan wanke kofi. Ya ce, "Hijo, ɗana, me ya kai ka Almeriya a bas? Ba mai zuwa can don daɗi."

Don kada in ji motsin ruwa na ba shi labarin duka.

Ya ɗaga hannu ya ce, "Yo no te juzgo." Wato ni ba zan yanke maka hukunci ba. "Juzgar" aikin alƙali ne. Daga nan ya hau ni. Ya ce ni mara kunya ne. Ya ce kare ma yana kaɗa wutsiya kafin ya bar gida. Muka sauka Kale, gaɓar Faransa, yana yi, muka kama hanyar Paris yana yi, duk bayan jimla uku sai ya sake cewa shi fa ba ya juzgar kowa. Na gane shi sarai. Irin namu ne na "ba gulma ba", wanda in ka ji shi ka san gulmar ce ta taho.

Na bar shi saboda duk gaskiya ce. Can ya juya yana kallon gonaki. Ya ce, "Uwata ta mutu ina raba miya a otal. Sun kira ni sau biyu. Na ce wata mai zuwa." Ya share hancinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ashe tun daga teku ba da ni kaɗai yake ba.

Ya tambaye ni me na fi tsoro. Na ce ba zagi ba, na sha zagi a harshe biyar. Tsorona ta zauna ta lissafa mini: ɗaki, tukunya, takardu, kwat. Ya ce, "Echar en cara. Jefa wa mutum a fuska." Na ce mu gori muke cewa. Ya maimaita, gori, gori, ya ce kalmar tana da kaifi. Na ce musamman in gaskiya ne.

Sai na tambaye shi reñir.

Ya juyo. "Yaya ta faɗa? Ta ce reñir contigo, ko ta ce te?"

Na ce ban riƙe ba. Na ciro waya don in kunna masa, ta mutu. Na ciro caja, mai ƙafa uku ce ta London, ramin da ke jikin motar kuma ido biyu ne. Shekara goma sha biyu na yi a ƙasar ido biyu, na manta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manolo ya ce bari ya aro mini wurin ɗalibar nan. Na ce a'a, ni ba na roƙo. Gaskiyar ita ce ba na son in sani.

Ya ce, "To ji. In akwai con a ciki, ka shirya. In babu con, ka ƙara shiri." Ya fashe da dariya har da tari. Na ce ya yi mini bayani. Ya ce ba zai ɓata wa tsohuwa aikinta ba.

Paris ban ga komai ba sai tashar mota. Na sayi burodin nan nasu mai tsawon sanda, na ci rabi, na rungume rabi. Muka canza mota. Na yi barci a Faransa na farka a Sifen, ba wanda ya tashe ni a kan iyaka. Ƙasar da na kusa mutuwa kafin in taka ta, yau na shige ta ina minshari.

Manolo ya sauka a Burgos Laraba da hantsi. Ya kama kafaɗata ya ce, "In ta fara, kada ka katse ta. Ka bar ta ta gama. Ni da zan samu wanda zai yi mini haka yau, da ƙafa zan je." Ban gane ba a lokacin.

A Madrid na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da tasha. Mai gidan, Pilar, mace ce mai jiki, ƙorafi ne numfashinta: gwiwarta, gwamnati, baƙi masu barin fitila a kunne. Bayi ɗaya ne na kowa. Ina cikin alwala, ƙafata ɗaya a cikin kwamin wanke hannu, ta turo ƙofa. Ta tsaya, na tsaya. Ta ce shekara talatin tana wannan sana'a ba ta taɓa ganin wanda ya wanke ƙafa inda ake wanke baki ba. Na ce salla zan yi. Ta fita ta dawo da baho da tawul, ta ce a nan ake yi, kuma in roƙa wa gwiwarta sauƙi. Na roƙa mata.

Da na nuna mata cajata sai ta jawo wata durowa cike da kayan da Turawan Ingila suka manta, ta zaɓo mini mahaɗin da ke mayar da ƙafa uku ido biyu. Waya ta tashi. Na kunna saƙon sau uku. "Que te tengo que reñir." Babu con. To, ka ƙara shiri ke nan. Na zauna bakin gado ina tunanin me ya fi wuƙa da 'yan sanda.

Na kira Ramatu. Ta ce, "Dambun ya isa lafiya?" Na ce ya isa inda Allah ya nufa. Ta ce, "Ka ci shi." Na ce mu da yawa muka ci. Ta ce in na dawo za mu yi magana.

Abincin Sifen ba shi da wahala in ka san abu ɗaya: alade yana ɓuya ko'ina, har cikin wake. Na tsaya kan wainar ƙwai da dankali da suke kira tortiya. Da safe Pilar ta kawo mini burodi an goga masa tumatir an zuba man zaitun. Shekara goma sha ɗaya ina wuce tumatir a kasuwar Barking ba na kallonsa. Na ci. Na san ɗanɗanon. Ina jin daga can ya fito.

Alhamis bayan azahar motar ta gangaro daga duwatsu, sai ga leda fara fat har inda ido ya ƙare. Warin nan na taki da zafin roba ya shigo ta taga.

Antonio na jira a tasha. Ya yi furfura. Can in an haɗu runguma ake yi, shi hannu kawai ya ba ni. Muka yi tafiya mai nisa a motarsa. Sai ya ce, "Yo te culpé." Na ɗora maka laifi. Ya ce tumatirin shekarar nan ya ruɓe a jikin itace, shekara mai bi suka sayar da gonar. Na ce laifina ne. Ya ce, "Shekara biyar ina faɗin haka. Ran nan matata ta ce, kai kuma ina kake lokacin? Ina Barselona. Ɗanta na cikinta yana Barselona, yana jin haushin ɗan wani bai tsaya ba." Ya canza giyar motar. "Rabi naka, rabi nawa." Na ce na karɓa.

Matan benci suna nan, sun ragu, sun tsufa. Suka gan ni suka taso, "¡Elías!" Kowacce ta sumbace ni kunci biyu, al'adarsu ke nan, ba ka da hanyar gudu. Suka ce na yi ƙiba, London ta karɓe ni. Bakin da ya kore ni shi ya tarbe ni. Na san kafin in kai ƙofa sun fara a kan takalmina.

Na cire takalmin a bakin ƙofa. Jakar asibiti na ajiye a gefe. Iya na zaune a kujerar Paco, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige. Na durƙusa a gabanta irin namu, na sunkuyar da kai, na ajiye kwat ɗin a ninke kusa da ƙafarta.

Ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi."

Ban tashi ba.

"To zauna nan, kunnenka ya fi kusa."

Ta fara. Ta ce shekara goma sha ɗaya, ko kati. Ta ce London babu waya ne, ko yatsuna ne suka guntule? Ta ce wata uku tana zuwa wurin 'yan sanda tana tambaya ko an tsinci gawar baƙi. Ta ce ta kunna kyandir a coci saboda Musulmi har fadan cocin ya fara yi mata wani kallo. Ta ce na rame, matan benci makafi ne. Ta ce wace irin mata ce ta bar ni na fito da wannan gemun. Numfashinta ya yanke, Antonio ya miƙo ruwa, ta ture, ta ci gaba. Na tuna Manolo, ban katse ta ba.

Ina durƙushe ina jiran lissafin. Ɗaki, tukunya, takardu. Bai zo ba.

Sai ta ce, "Kana tsammani ban san za ka tafi ba? Ni na ɗinke maɓallin kwat ɗin nan, na ga tikitin a aljihu kwana huɗu kafin ranar. Don me na sha rana a layin ofis? Don ka ruɓe a ƙarƙashin leda? Na tashi da asuba na soya maka tortiya ta hanya, na naɗe, na ajiye a tebur, na zauna ina jira ka shigo ka ce Iya na tafi. Ka bi ta ƙofar baya kamar ɓarawo. A gidanka."

Nan ne abin ya same ni. Na haye hamada ban yi kuka ba. Na fita daga teku ban yi ba. Tortiya ce ta kayar da ni.

Da na samu murya na ce, "Iya, ki yafe mini. Duk abin da kika shirya na karɓa. Reñir ɗin da kika ce, a yi shi yanzu kafin ki tafi asibiti."

Ta dubi Antonio, Antonio ya dube ta. Ta ce, "To me kake tsammani nake yi tun ɗazu, jaki?"

Antonio ya riƙe ciki yana dariya. Shi ya warware mini. In an ce reñir con wane, an ɓata ke nan, kowa ya kama gabansa, wani lokaci har da jini. In babu con, in aka ce te riño, abin da uwa ke yi wa ɗanta ne in ya dawo da riga a yage.

Jama'a, ku duba wautata. Faɗa. Kalmar tana bakina tun ina goyo. Ka yi faɗa da mutum daban, ka yi wa mutum faɗa daban. "Da" ɗin nan shi ne con. Na ratsa ƙasa uku ina tsoron kalmar da Hausa ta riga ta raba mini.

Iya ta ce, "Wanda ba naka ba, ka zauna a benci ka criticar shi. In ya cuce ka, ka kai shi gaban mai juzgar. Ni ba alƙali ba ce, kuma bencin nan yana sa mini ciwon baya. Naka kaɗai kake yi wa wannan." Ta zungure kwat ɗin da sandarta. "Wannan kuma mene ne? Ni shago ce da za a dawo mini da kaya? Sa abinka. An ce can kullum ruwa."

Ta ce Antonio ya zubo abinci. Ya shigo da tukunya. Jan zaren yana nan a hannunta, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ya ce ranar da suka sayar da gona an rabar da kayan kicin, wannan ta hana a taɓa. Miyar adas ce, ƙananan waken nan nasu, ba alade. Ta sa ni na ci kwano biyu tana kallo, tana cewa har yanzu ina ci kamar ana kora ta.

Ta ce ina da 'ya'ya? Na ce ɗaya, mace, shekara tara. Ta ce sunanta? Na ce Ummi. Ta ce a kira ta gani. Na kira Ramatu ta bidiyo, lokacin an taso daga makaranta. Ramatu ta gaishe ta da Hausar zango, Iya ta amsa da Sifaniyanci, suka fahimci juna ban san ta yaya ba. Yarinyar ta leƙo. Kun san 'ya'yan nan, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Iya ta nuna ta da yatsa ta ce, "¿Ummi?" Yarinyar ta ce, "That's what Baba calls me. My real name is Maryam."

Iya ba ta jin Turanci, amma ta ji wannan. Ta juyo gare ni. Antonio ya ce a hankali, "María." Sunan da ake kiran uwarsa ke nan.

Dole na yi bayani. Na ce a wurinmu mutum yakan sa wa 'yarsa sunan uwarsa, daga nan kuma ba zai ƙara faɗin sunan ba saboda kunya, sai ya riƙa ce mata Ummi, wato uwata. Na ce shi ya sa shekara goma sha biyu ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta ɗaga sandar ta kwaɗa mini a kafaɗa, ba da wasa ba. "Shekara tara ina da takwara, ba wanda ya gaya mini? Antonio, riƙe jakar nan. Likita ya jira. Ban gama da wannan ba."

Mun kai ta asibiti a makare. Ranar Juma'a ni da Antonio muka zauna a baranda, ni da carbi, shi yana kai da kawowa. Awa biyar. Likita ya fito ya ce ta farka. Da aka bar mu muka shiga, bututu a hancinta, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. Ta motsa baki, na kai kunne. Ta ce, "Gemun."

Na aske a ranar. Shi ya sa kuka ga na dawo haka, Alhaji, ba wani sabon ra'ayi ba ne.

Na yi kwana biyar ina kai mata miya a tukunyar. Na dawo ta jirgin sama, da kwat ɗin a jikina da galan ɗin man zaitun a akwati. Ramatu ta karɓi man, ta yi mini nata faɗan a kan dambu. Wilson na gaya masa Sifaniyancinsa rabi ne. Ya ce a garinsu regañar suke cewa, laifin tsofaffin Sifen ne da ba su iya magana ba. Hutun bazara za mu je mu uku, ta ce in ban kawo takwararta ba kada in zo.

Uwar da ta haife ni ta rasu ina Maroko, labari kawai na ji. Na ɗauka ni da a yi mini faɗa har abada. Mutum ya kai shekaruna, a ƙasar da kowa ke ce maka sorry ba wanda ya damu ko ka ci abinci, ya san abin da nake nufi.

Yanzu duk Lahadi bayan la'asar waya tana ƙara. In ban kira ranar Laraba ba, laifi. In na yi tari, laifi. Abin da kuka ga ina yi wa dariya a District line ke nan, saƙonninta nake sake ji. Ummi ce take fara ganin lambar, sai ta ƙwala daga falo, "Baba, it's your telling-off!"

Sai in ajiye abin da ke hannuna, in gyara zama, in ɗauka. Ba na katse ta.